Ya je neman maganin ciwon ƙafa, wuyansa ya karye: nazarin lamarin dattijon birnin York

A ranar Juma'a, 11 ga watan Agusta na 2017, wani dattijo mai shekara 80, tsohon manajan banki da ya daɗe da ajiye aiki, ya shiga wani ɗakin gyaran ƙashin baya a birnin York da ke arewacin Ingila, matarsa na tare da shi. Da ƙafarsa ya shiga. Abin da ya kai shi ma ba wuya ba ne, ƙafafunsa ne ke masa ciwo. Washegari ya cika a babban asibitin birnin Leeds, da karaya a wuya da mummunan rauni a laka. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan kama sunan matar da ta yi masa aikin ba, domin ba mutanen nake so mu sa a gaba ba. Abin da ya sami wuyan nan nake so mu fahimta tun daga tushe.

Lamarin ya tsaya mini a rai ne saboda yadda tallar "gyaran wuya ba tare da tiyata ba" ta cika wayoyinmu. Sai ka ga bidiyo a TikTok ko Facebook, an kwantar da mutum, an kama kansa, an murɗa, ka ji ƙas, ya tashi yana murmushi. Masu kallo su yi ta tambayar inda za su sami irin wannan. A cikin masu tambayar akwai waɗanda aikin zai iya ba su sauƙi, akwai kuma waɗanda wuyansu ba zai ɗauki ko rabin wannan murɗar ba, alhali a ido ba ka iya raba su.

Sana'ar gyaran ƙashin baya da hannu, wadda ake kira kairofiraktik, a Amurka aka haife ta. A 1895 wani mutum mai suna Daniel David Palmer, a garin Davenport na jihar Iowa, ya danna ƙashin bayan wani ma'aikacin ginin da ofishinsa yake, Harvey Lillard, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya kuma ce jin nasa ya dawo. A kan wannan Palmer ya gina ra'ayinsa cewa yawancin cututtuka daga ɗan gocewar ƙasusuwan baya suke tasowa, idan an mayar da su mazauninsu jiki zai warkar da kansa. Ya buɗe makaranta a 1897. Binciken likitanci bai tabbatar da wannan babban iƙirari ba, kuma da yawa daga masu sana'ar a yau sun sauka daga kansa, sun tsaya ga ciwon baya da na wuya da na gaɓoɓi. A nan kam suna da abin faɗa. Ga ciwon ƙugu irin na yau da kullum, danna baya da hannu yana ba wasu mutane sauƙi daidai gwargwado. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta yarda da shi a ƙa'idarta ta 2016, amma da sharaɗin a haɗa shi da motsa jiki, kada a dogara da shi shi kaɗai.

A Birtaniya sana'ar tana da dokarta tun 1994, da majalisar da ke yi wa masu yin ta rajista, kuma laifi ne mutum ya kira kansa da sunan sana'ar ba tare da rajista ba. Matar da ta yi wa dattijon nan aiki tana da rajistarta. Na nanata wannan ne don kada wani ya ce ai hannun 'yan dagaji ya faɗa. Tana amfani da laƙabin Dakta saboda takardar karatun sana'ar da ta samo a ƙasar waje, iyalin mamacin kuwa sun ce su sun ɗauka likitar asibiti ce.

Ba ranar ce zuwansa na farko ba. Mutum ne da aka taɓa yi wa tiyata a ƙasan baya, har akwai ƙarafa a jikin ƙashin. Ba a ɗauki hoton ƙashinsa ba kafin a fara masa aiki. Aka kwantar da shi rubda-ciki a kan wani gado na musamman da masu sana'ar ke amfani da shi. Gadon sassa-sassa ne, ana ɗaga sashe ɗaya ɗan kaɗan, idan mai aikin ta danna jikin mutum da hannu sai sashen ya faɗa ƙasa farat ɗaya. Tazarar faɗuwar ƙanƙanuwa ce, kuma wanda ya ƙirƙiro gadon a shekarun 1950, J. Clay Thompson, ya yi shi ne don a rage ƙarfin da ake sa wa mara lafiya. Wato a wurin masu sana'ar hanya ce mai sauƙi, irin wadda ake zaɓa wa tsofaffi.

Matarsa, wadda ke cikin ɗakin, ta shaida cewa ta ji shi yana cewa ana ji masa ciwo. Sai ya fara nishi. Sannan ya ce ba ya jin hannuwansa.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin duk abin da ya biyo baya a kan wannan magana ya rataya. Mutumin da aka danna wa baya ko wuya yanzu-yanzu, ya ce hannuwansa biyu sun mutu, to laka ce ta taɓu har sai hoto ya nuna ba ita ba ce. Shanyewar ɓarin jiki, kamar yadda sunanta ya nuna, ɓari ɗaya ta saba kamawa, baki ya karkace, hannu da ƙafar gefe guda su saki. Hannu biyu a lokaci ɗaya, bayan an sa ƙarfi a kan ƙashin baya, wani labari ne dabam. Kuma magani na farko ga wuyan da ake zargin ya karye ba ya buƙatar na'ura ko allura: a bar mutum yadda yake, a riƙe kansa kada ya motsa, a kira masu agaji.

Ba haka aka yi ba. Mai aikin ta ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi. Ta yi ƙoƙarin juya shi, aka ɗaga shi daga gadon aka zaunar da shi a kujera. Ya daina amsawa. Ta hura masa numfashi baki da baki, aka kira motar asibiti. Da ma'aikatan agajin suka iso, bayanin da suka samu bai nuna musu cewa an yi amfani da gadon nan mai faɗuwa ba, an dai ambata musu wata 'yar na'urar hannu mai bugu a hankali. Su ma sai suka tafi a kan zaton shanyewar ɓarin jiki, suka ɗauke shi a kujerar ɗaukar marasa lafiya ba tare da sun ɗaure wuyan ba. Sai a asibiti hoto ya nuna karayar. Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa mota, kowane motsi yana goga karyayyen ƙashi a jikin laka.

To me ya sa ɗan wannan ƙarfi ya karya wuyan mutum? Binciken gawa ya nuna cewa jijiyoyin da ke ɗaure da ƙasusuwan wuyansa sun ƙandare, sun koma ƙashi. Wuyan ɗan Adam ƙasusuwa bakwai ne a jere kamar 'ya'yan carbi, tsakaninsu akwai faifai mai taushi, jijiyoyi masu ƙarfi kuma sun bi su gaba da baya sun ɗaure. Ta tsakiyarsu laka ta ratsa daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙasa. A wuya mai lafiya, idan ƙarfi ya zo, kowace gaɓa takan ɗauki nata kason, kamar ɗanyen reshe da ke lanƙwasa ya dawo. Amma a wasu tsofaffi, da kuma masu wata cutar kumburin ƙashin baya da kan haɗe gaɓoɓin, jijiyoyin kan zama ƙashi, carbin ya koma sanda guda. Busasshen kara ba ya lanƙwasa. Idan ya sha ƙarfi sai ya ɓalle gida biyu, kuma likitocin ƙashi sun san cewa irin wannan baya faɗuwa daga tsaye kawai tana iya karya shi.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abin da ke biyo bayan karayar. Tunda sama ta sanƙare, ƙasa ta sanƙare, duk wani motsi na kai da jiki a wurin karayar yake taruwa. Wuyan da ɗazu ya fi kowane wuya tauri, cikin ƙiftawar ido ya zama wuyan da ya fi kowanne girgiɗi. Kan babban mutum yakan kai nauyin kilo 5, to ka ƙaddara wannan nauyi yana lilo a bisa ƙashin da ya rabu biyu, laka tana tsakiya. Jijiyoyin da ke motsa naman numfashi, wanda ya raba ƙirji da ciki, daga mataki na uku da na huɗu da na biyar na wuya suke fitowa, shi ya sa raunin laka a wuya kan tafi da numfashi. Abin da aka rubuta a matsayin sanadin mutuwarsa ke nan: numfashi ya gaza saboda raunin laka.

'Yan sanda sun kama matar da ta yi masa aikin bisa zargin kisan kuskure, daga baya suka sake ta ba tare da an gurfanar da ita ba. A watan Nuwamba na 2019 aka yi zaman binciken musabbabin mutuwar a York. An shaida wa zaman cewa da an tsayar da wuyan wuri ɗaya tun lokacin da ya karye, da ya rayu. Jami'in da ya jagoranci zaman ya rubuta wa majalisar masu sana'ar yana neman abu biyu: a wajabta wa duk mai rajista horon taimakon gaggawa, a kuma sake duba batun ɗaukar hoto kafin a fara wa mutum aiki. Majalisar ta fitar da ƙa'idoji a kan batutuwan biyu. A 2021 kwamitin ladabtarwarta ya wanke matar daga laifin saɓa ƙa'idar aiki, bayan ya karɓi hujjar cewa tsananin firgici ne ya ruɗa ta har ta ba da bayanin da bai cika ba. Iyalin ba su ji daɗin hukuncin ba, kuma ban ga laifinsu ba. Na yarda firgici kan ɗauke wa mutum hankali, amma don irin wannan ranar ake horo, don hannu ya san abin yi ko da zuciya ta tsinke.

Maganar hoto kuwa tana buƙatar adalci. Ba duk mai ciwon wuya ko ciwon baya ne ke buƙatar a haska shi ba. Likitoci kansu suna hana yawan ɗaukar hoto ba dalili, domin akwai tiririn da ke shiga jiki, akwai kuɗi, kuma hoton duk wanda ya manyanta zai nuna zaizayar tsufa da ba ita ke sa shi ciwo ba, sai a tsorata shi a banza. Amma a ganina dattijo mai shekara 80, da ƙarafa a baya, da ciwon da ke sauka ƙafafu, ba "duk mai ciwon baya" ba ne. Shekarunsa kaɗai sun isa su sa a yi tambaya a kan ƙarfin ƙashinsa. Kafin hannu ya sauka a kansa ya kamata a nemi tsofaffin hotunansa, a ji ta bakin likitan da ya yi masa tiyata, a gwada iyakar juyawar wuyansa a hankali. Idan an ga wuyan ba ya juyawa ko kaɗan, wannan ba gayyata ba ce ta a ƙara ƙarfi.

Wuyan dattijon York yana can ƙarshe ɗaya, wurin tauri. A ɗaya ƙarshen akwai wuyan da tun farko sako-sako yake, kuma shi ne ainihin abin da ake nufi idan an ce gaɓa tana girgiɗi. Ƙasusuwa biyu na can sama, kusa da ƙeya, ginin su dabam ne. Na farko, da likitoci ke kira atlas, zobe ne da ƙoƙon kai ke zaune a kansa. Na biyu, aksis, yana da wani ɗan turke da ya miƙe ya shiga cikin zoben, zoben yana juyawa a jikinsa. Kusan rabin waiwayen da mutum ke yi dama da hagu a nan yake faruwa. Abin da ya riƙe turken kada ya koma baya ya danne laka wata jijiya ce guda da ta gitta ta bayansa. A babban mutum tazarar da ke tsakanin turken da gaban zoben ba ta wuce milimita 3, a yara takan kai 5. Idan jijiyar ta saki ko ta tsinke, sunkuyar da kai kawai na iya tura turken zuwa ga laka.

Abubuwan da ke sakin ta sanannu ne. Akwai cutar amosanin gaɓoɓi mai suna rumatoyid, wadda ke cin gaɓoɓin yatsu har su karkace, tana kuma cin wannan jijiya ba tare da mai ita ya sani ba. Akwai masu lalurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita, waɗanda hoto kan nuna sakin wannan gaɓa a wajen kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari nasu, ko da yake kashi 1 zuwa 2 ne kawai kan nuna alamar taɓuwar laka. Saboda su ne gasar Special Olympics, ta masu naƙasar ƙwaƙwalwa, ta fara neman hoton wuya a 1983 kafin a bar ɗan wasa mai wannan lalura ya shiga wasannin da ke matsa wa wuya. Akwai masu cutar gado ta Ehlers-Danlos, waɗanda gaɓoɓinsu ke lanƙwasa fiye da ƙima, babban yatsa ya taɓo damtse, gwiwa ta koma baya. Akwai yaran da kumburin maƙogwaro kan sakar musu gaɓar. Sai hatsarin mota da faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2005 kan horo da kiyaye haɗari a wannan sana'a, ta jera yanayin da ba a murɗa baya ko wuya a cikinsu sam, kuma a ciki akwai sabuwar karaya, da alamun girgiɗin gaɓa, da sakin gaɓoɓi na haihuwa, da ƙari a laka, da tarin fuka na ƙashin baya.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata kowa ya gane. Mai gaɓa sako-sako ba ya zuwa ya ce gaɓata ta saki. Cewa yake wuyana ya sanƙare, kafaɗuna sun ɗaure, kaina ya yi mini nauyi. Gaskiya kuma yake faɗa, domin idan jijiya ta gaza riƙe gaɓa, naman da ke kewaye da ita ne ke ɗaurewa ya tsaya mata, dare da rana, har ya gaji ya riƙa zogi. Idan aka murɗa wuyan ya yi ƙara, naman kan saki na ɗan lokaci, mutum ya ji wasai. Bayan kwana biyu naman ya koma bakin aikinsa na gadi, ciwo ya dawo, mutum ya koma a sake murɗawa, ko ya koyi murɗa wa kansa sau goma a wuni. Ita ƙarar da ake ji ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa. Kumfar iska ce ke tasowa a cikin ruwan gaɓa idan an buɗa ta farat ɗaya, irin wadda kake ji idan ka ja yatsanka. Gaɓar da matsalarta yawan motsi ce, an ƙara mata motsi, an kuma kwance ɗan gadin da ya rage mata.

Wannan ba yana nufin mai girgiɗin gaɓa ba shi da mafita sai wuƙa ba. Mafi yawansu ba sa buƙatar tiyata, kuma jinyar da ba ta tiyata ba tana aiki, sai dai ba ta da ƙara, ba ta da armashin da za a ɗauka a bidiyo. Ginshiƙinta ƙarfafa naman da ke riƙe gaɓar. A wuya, akwai wasu siraran nama can ciki a gaban ƙasusuwan, waɗanda ake farkar da su ta hanyar kwanciya rigingine a riƙa ɗan gyaɗa kai a hankali kamar mai amsa "to", a riƙe na 'yan daƙiƙu, ba tare da an ɗaga kan daga matashi ba. Daga nan a hau kan naman da ke tsakanin allunan kafaɗa, da horon da ke koya wa jiki sanin inda kai yake ko da ido a rufe, da gyara zama da kwanciya. Kwalar wuya tana da amfani na ɗan lokaci, a tafiyar mota mai gargada ko lokacin da ciwo ya tashi, amma wanda ya mayar da ita tufafi naman wuyansa zai ƙara mutuwa. Haka abin yake ga idon sawun da ke yawan gurɗewa, da kafaɗar da ke yawan gocewa, da ƙoƙon gwiwar da ke zamewa: ɗauri na ɗan lokaci, sannan makonni da watanni na motsa jiki da tsayuwa a ƙafa ɗaya da jan roba. Aikin likitocin fisiyo ke nan, waɗanda muke kira masu gashin ƙashi, kuma mai kairofiraktik da ya san aikinsa shi ma abin da zai yi ke nan. Zai iya tausa naman da ya ɗaure, ya motsa tsakiyar baya idan ya yi tauri, ya koyar da motsa jiki, amma ya ƙi murɗa gaɓar da ta saki ko da mara lafiyar ya roƙa. Ni wannan ƙin shi ne ma'aunin da zan auna mai sana'ar da shi.

Akwai kuma iyakar da idan an kai ta, zancen "ba tiyata" ya ƙare. Idan hannu ya fara kasa sa maɓallin riga, kofi yana suɓucewa, tafiya ta koma ta mai tangaɗi, ko mutum ya riƙa jin kamar wutar lantarki ta tsarga masa baya idan ya sunkuyar da kai, ko fitsari ya fara kufcewa, to laka ce ke kuka. Wannan na likitan ƙashi ne ko likitan ƙwaƙwalwa da laka, da hoton MRI, ba tare da jinkiri ba. Wanda ya riƙe irin wannan mara lafiya yana karɓar kuɗinsa zama bayan zama ya cuce shi.

Ta ɗaya gefen kuma, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka duk ciwon wuya girgiɗi ne. Yawancin ciwon wuya na gajiyar nama ne da daɗewa a sunkuye kan waya ko keken ɗinki, kuma yakan tafi da kansa cikin 'yan makonni. A Amurka akwai wuraren da ke sayar da sunan wannan cuta ga duk mai jiri da ciwon kai, su bi shi da hotuna masu tsada da allurai a jijiya waɗanda hujjar amfaninsu ba ta da ƙarfi. Tsoratarwa ma ciniki ce.

Ban taɓo maganar jijiyoyin jini ba sai yanzu, domin ba su ne suka kashe dattijon York ba, amma ba a zancen murɗa wuya a tsallake su. Akwai jijiyoyin jini biyu da ke bi ta cikin ramukan gefen ƙasusuwan wuya su kai jini bayan ƙwaƙwalwa, kuma a wurin atlas suna yin kwana mai tsanani. Bangon cikinsu na iya tsagewa, jini ya daskare, a sami shanyewar jiki ga matashi mai jini a jika. Ba kasafai yake faruwa ba, kuma masana suna jayayya a kan ko murɗar ce ke jawo tsagewar ko kuwa mai tsagewar ne ciwon wuya ke kai shi wurin murɗa. Duk da haka ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2014 a riƙa sanar da mutum wannan alaƙa kafin a taɓa wuyansa.

Masu kairofiraktik ba su da yawa a ƙasar Hausa, amma hannun da ke taɓa wuya yana da yawa. Na sha zama a kujerar aski, a gama, mai askin ya kama haɓata da ƙeyata yana shirin murɗawa a matsayin gyara, don kyautatawa yake yi, bai taɓa tambayar ko na taɓa faɗuwa ba. Akwai masu tausa, akwai mai taka bayan ɗan'uwansa da ƙafa bayan an dawo daga gona. Mu kuma muna da wani dalilin taka-tsantsan da ya fi na mutanen York, wato tarin fuka. Cutar ba a huhu kaɗai take tsayawa ba, takan shiga ƙashin baya ta cinye shi a hankali har ya rufta, ƙusumbi ya fito, ƙafafu su shanye. Mai ciwon baya ko wuya da ke ramewa, yana zazzaɓin yamma da gumin dare, ƙashinsa na iya zama kamar icen da gara ta ci, a waje lafiya lau. Wurinsa asibiti ne, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko babban asibitin da ya fi kusa, a yi hoto a fara magani. Haka matar da ta shekara talatin tana ɗaukar tulu da itace a ka, ta zo tana cewa hannuwanta na sagewa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ilimin da ya ɓace a ɗakin nan na York muna da shi a gargajiyance. Kalmar ɗori kanta tana faɗin komai. Maɗori idan ya daidaita karaya, karare yake jerawa ya ɗaure tamau, ya ce kada a motsa, kada a taka, sai ƙashi ya kama. Ya san karyayyen abu riƙo yake so. Sai dai wannan sani yana tsayawa a hannu da ƙafa, ba ya kaiwa wuya, domin karayar wuya ba ta nuna kanta da kumburi ko lanƙwasa. A bakin titi idan babur ya kayar da mutum, jama'a kan rugo da kyakkyawar niyya, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, kai yana reto, a zaunar da shi, a yayyafa masa ruwa, a cusa shi a bayan a-daidaita-sahu a naɗe. Motsin da aka yi wa dattijon nan daga gado zuwa kujera ke nan, sai dai mu a kan kwalta muke yin sa.

Idan wanda ya faɗi ya ce wuyansa na ciwo, ko hannuwansa ko ƙafafunsa sun mutu, ko ya suma ba a san yadda ya faɗi ba, mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe kan da tafin hannu biyu ta gefen kunnuwa, yadda ya same shi, kada ya ja kada ya miƙar da ƙarfi. Kada a zaunar da shi, kada a ba shi ruwa. Idan akwai lambar masu agaji a kira su, a gaya musu ainihin abin da ya faru ba tare da rage komai ba. Idan babu makawa sai an ɗauke shi, a nemo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, mai riƙe da kai shi ke ba da umarni. A naɗe zani ko riga a tokare gefen kan dama da hagu, a ɗaure goshi da ƙirji da ƙugu a jikin katakon, a sa shi a motar da zai kwanta a miƙe, mai riƙe da kan kuma kada ya saki sai ma'aikacin asibiti ya karɓa daga hannunsa.